Motocin Tsere Na Hannu: Ajiyar Dukiya Ko Rariya?

Kwanakin baya wani abokina da ya daɗe yana aikin banki a Abuja ya zo mini da wata magana wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami a yau. Ya ce ya gaji da ajiye naira tana narkewa a hannunsa kamar ƙanƙara a rana, saboda haka ya yanke shawarar sayen motar tsere ta hannu ƙirar Turai, ya kulle ta a gareji, bayan shekara biyu ko uku ya sayar ya ci riba. Hujjarsa ita ce wani maƙwabcinsa ya sayi irinta a farkon 2023, kuma ga shi yanzu ana taya ta da kuɗin da ya zarce abin da ya biya. Na lura ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba a cikin ma'aikatanmu masu ɗan abin hannu, don haka ya kamata a zauna a dubi maganar da idon basira kafin wani ya zuba gumin shekara ashirin a kan taya huɗu.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne labaran gwanjo da ke fitowa daga ƙasashen waje. A watan Mayun 2022 kamfanin Mercedes-Benz ya sayar da wata tsohuwar motarsa ƙirar 1955, mai suna 300 SLR Uhlenhaut, a kan Yuro miliyan 135. A 2018 an sayar da Ferrari 250 GTO a kan sama da dala miliyan 48 a Kalifoniya, a 2021 kuma McLaren F1 ta haura dala miliyan 20. Hatta a nahiyarmu akwai misali: a watan Satumban 2019 aka yi gwanjon motoci 25 da hukumomin Jeneba suka ƙwace daga hannun Teodorin Obiang, ɗan shugaban ƙasar Ikwatoriyal Gini, inda Lamborghini Veneno guda ɗaya ta tashi a kan sama da dala miliyan 8. Duk wanda ya ji waɗannan alƙaluma dole yawunsa ya tsinke. To amma mai karatu ya lura da abu guda: Uhlenhaut ɗin guda biyu kacal aka taɓa ƙerawa, GTO ba su kai arba'in ba, McLaren F1 guda 106 ne, Veneno marar rufi kuwa guda tara. Waɗannan sun tashi daga sahun motoci sun koma sahun kayan tarihi, kuma masu sayensu ba su cika damuwa da ko injin zai tashi da safe ba. Motar da abokina ke hange kuwa dubbai aka ƙera irinta, kuma kowace shekara ana fitar da wadda ta fi ta gudu.

A nan ne gizo ke saƙar. Ƙa'idar da aka sani a kasuwar mota ita ce, da zarar sabuwar mota ta bar harabar dillali darajarta ta fara sauka, kuma motocin ƙawa sun fi saura saurin faɗuwa. Wani kamfanin bincike na Amurka mai suna iSeeCars, wanda ke bin diddigin cinikin motocin hannu, ya nuna a rahotonsa na 2023 cewa a matsakaicin lissafi mota kan rasa kusan kashi 39 cikin ɗari na darajarta a shekara biyar, Maserati Quattroporte kuwa ta rasa sama da kashi 64. Gaskiya ne a wannan rahoto Porsche 911 ce ta fi kowace mota riƙe daraja, domin abin da ta rasa bai kai kashi 10 ba, kuma ita ce masu wannan ra'ayi ke yawan kafa hujja da ita. Sai dai ko ita ɗin rasawa ta yi, ba ƙaruwa ba, kuma a rahoton 2025 asarar tata ta ninka zuwa kusan kashi 20.

Me ya sa alƙaluman 2023 suka yi kyau haka? Idan ba a manta ba, annobar korona ta sa masana'antu sun tsaya, aka kuma shiga ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa motoci, har sabuwar mota ta zama sai an bi layi na watanni. A daidai lokacin kuma kuɗin ruwa a Amurka yana dab da sifiri, bashi ya yi araha. Wannan ya sa a 2021 da 2022 aka ga abin al'ajabi, wato motar hannu tana fin sabuwa tsada. Daga watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, bai tsaya ba sai da ya haura kashi 5 cikin ɗari a tsakiyar 2023, masana'antu kuma suka dawo aiki gadan-gadan. Waɗanda suka saya a ƙololuwar farashi da niyyar juyawa su ne suka kwana a ciki.

Ba wannan ne karo na farko ba. Lokacin da Enzo Ferrari ya mutu a watan Agustan 1988, 'yan kasuwa sun yi rububin sayen F40, motar ƙarshe da aka fitar yana raye, farashinta ya ninninka. Shekara biyu zuwa uku bayan haka tattalin arzikin Japan da na Turai ya yi sanyi, kamfanin kuma ya ci gaba da ƙera ta har ta haura 1,300, sai farashi ya rushe. Labarin Jaguar XJ220 ya fi wannan ban tausayi. Mutane sun ba da kafin alƙalami na kimanin fam dubu 50 tun motar tana kan takarda, amma da ta fito a 1992 da ƙaramin inji saɓanin wanda aka nuna musu da farko, ga farashi ya kai fam dubu 470, ga kasuwa ta mutu, da yawa suka nemi zamewa har magana ta kai kotu.

Akwai kuma wani abin da mai saye ba ya da iko a kansa, wato ra'ayin kamfanin da ya ƙera motar. A 2016 Porsche ya fitar da 911 R guda 991 kawai, mai giyar hannu, a kan abin da bai kai dala dubu 200 ba. Cikin 'yan watanni masu juyawa suka riƙa neman ninki uku zuwa biyar. Kamfanin bai ji daɗin hakan ba, a 2017 ya fitar da GT3 Touring wadda ta yi kama da ita matuƙa, ba tare da ƙayyade adadi ba, nan take zazzaɓin ya sauka. Kamfanin Ford ma ya maka ɗan kokawar nan John Cena a kotu a 2017 saboda ya sayar da Ford GT ɗinsa kafin cikar shekara biyun da aka gindaya masa, daga baya suka sasanta. Ashe ke nan ƙarancin da ake dogaro da shi wajen tashin farashi yana hannun wani ne, in ya ga dama ya kwance shi da sanarwa guda.

Mu dawo kan maƙwabcin abokina, domin a nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. A ƙaddara ya sayi motarsa a kan dala dubu 100 a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Ya biya naira miliyan 75 ke nan. Bayan gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A ce darajar motar ta sauka zuwa dala dubu 65. In aka juya da sabon canji, naira miliyan 97 da rabi ce. A ido ya ci ribar sama da miliyan 22, alhali kuwa ya yi asarar dala dubu 35, kuma da dalar ya riƙe a hannunsa da yana da naira miliyan 150. Motar ba ta ƙara daraja ba, ma'aunin ne ya ƙanƙance. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Ban ma sa kuɗin ɗawainiya a lissafin ba, kuma Bahaushe ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Irin waɗannan motoci ba sa son zama wuri ɗaya. Batir ya mutu, tayoyi su bushe, robobin inji su tsage a zafin watan Afrilu. In kuma an hau su, cikinsu yana dab da ƙasa, titunanmu ga ramuka ga tudun rage gudu ga ambaliyar damina. Injinsu na buƙatar fetur mai inganci sosai, kayan gyaransu da dala ko Yuro ake yin odarsu, bakaniken da ke da na'urar duba su kuwa sai an tona. Ga inshora, ga kuɗin fito na kwastan wanda ba ya dawowa in an tashi sayarwa. Mai saye a Landan ko Dubai abu na farko da yake tambaya shi ne takardun tarihin gyara daga wakilin kamfani, kuma motar da ta yi shekara uku a nan ba tare da su ba ta riga ta fita daga waccan kasuwa. Sauran masu saye na cikin gida kuwa 'yan ƙalilan ne, galibinsu sun san juna, kuma wanda ke da halin sayen irin wannan mota ya fi son a ce shi ya fara shigo da ita. Ranar da buƙata ta taso, ko kuɗin makarantar yara ko na asibiti, fili ko gwal a kan iya rabuwa da su cikin kwanaki, amma motar tsere sai ta yi watanni a wurin dillali ana rage mata kuɗi.

Ba ina cewa kada mai hali ya sayi abin da ransa ke so ba. Wanda ya tara dukiyarsa ta halal, yake sha'awar ƙarar inji, ya saya ya hau, ya sa kuɗin a babin nishaɗi kamar yadda mai dawaki ke sa kuɗin dusa da harawa. Abin da nake ja da shi shi ne a kira ta ajiya. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27 da rabi, ga kuma takardun Sukuk da gwamnatin tarayya ke fitarwa tun 2017 ga wanda ke gudun riba. Abokina ma'aikacin banki ne, ya fi ni sanin wannan. Da na zayyana masa lissafin dala dubu 35 ɗin nan a bayan wata takarda, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa ganin maƙwabcin nasa ya karɓi kuɗin a hannu, ko kuwa tayi ne kawai ake ta yi. Har zuwa ranar da nake wannan rubutu motar tana nan a lulluɓe da tamfol a ƙofar gidansa.