Wace Irin Amya Ya Kamata Sabon Mai Kiwon Zuma Ya Fara Da Ita?

Kwanan baya wani malamin firamare da ke zaune a Rigasa, abokina tun muna yara, ya kira ni in zo in ga abin da ya same shi. Adashi ya yi na watanni, da ya kwasa sai ya sayi akwatunan zuma uku irin na Turawa, masu hawa biyu, an shafe su da farin fenti gwanin sha'awa. Ya kai su gonarsa a bayan gari ya jera. Biyu daga ciki ko ƙuda ɗaya bai leƙa su ba. Na ukun zuma ta shiga, amma da ya je dubawa bayan wata huɗu sai ya tarar ta yi saƙarta a gicciye, ta ɗinke katakan ciki duka wuri guda, ba wanda ke ciruwa. Ya sa wuƙa, saƙa ta farfashe, ya sha harbi har idonsa ya rufe. Bayan kwana uku ƙudan suka yi ƙaura, suka bar masa akwati wayam.

Da izininsa na kawo wannan labari, domin na san akwai malamai da akawuna da yawa masu irin niyyarsa. Albashi ba ya kai mutum ƙarshen wata, kowa yana neman abin da zai tallafa masa. Kiwon zuma kuwa sana'a ce da ta dace da ma'aikaci, don ba a yanko mata ciyawa, ba a sayo mata dusa, ba ta hana ka zuwa ofis. Amma tambaya ta fari, watau wace amya za a fara da ita, yawancinmu mai sayarwa mu ke bar wa ya amsa mana, shi kuwa mai tsadar zai nuna maka. Ni dai ra'ayina shi ne sabon shiga ya fara da amyar sanduna, wadda aka fi sani da amyar Kenya, ya dakata da akwatin Turawa sai hannunsa ya faɗa.

Mu fara da tamu ta gado, don kada a ce na raina ta. Da tsohuwar zuma a ke magani. Iyayenmu su kan saƙa amya da ciyawa kamar doguwar ganga, su yaɓe ta da kashin shanu, su turara ta, sa'an nan su ɗaure a reshen ɗorawa ko kaɗanya ko rimi. Waɗansu kuma tukunya su ke kifawa. Ba ta cin kuɗi, ba ta ɗaukar zafi, kuma zuma ta kan shige ta da wuri, don a sama ta ke inda taron ƙuda ke bi. Aibinta guda ne, amma babba: saƙar a manne ta ke da jikin amya, ba ka da ikon ciro ta ka duba ka mayar. Ba za ka san ko sarauniya tana nan ba, ko asu ya shiga, ko zuma ta nuna. Ranar ɗiba sai a hau da dare da wuta, a kwashe da zuma da 'ya'ya da ƙwai, ƙuda da yawa su ƙone, zumar ta fito da warin hayaki, wani lokaci ma wutar ta kama daji. Wanda ya tashi cikin wannan aiki ya san dabarunsa. Amma akawun da ya haura shekara 40, ya ajiye tumbi a kujerar ofis, hawan ɗorawa da tsakar dare da wuta a hannu ba nasa ba ne.

To, sai akwatin Turawa. Wani limamin coci ne a Amurka, mutumin Filadelfiya, mai suna Lorenzo Langstroth, ya ƙago shi, aka ba shi takardar mallakar wannan fasaha a 1852. Abin da ya lura da shi ƙarami ne a ido, amma shi ne tushen kiwon zuma na zamani. Ya ga in aka bar wa ƙuda rata ta milimita 6 zuwa 9, sai ya mai da ita hanyar wucewa. In ta fi haka faɗi sai ya cike ta da saƙa, in ta gaza haka sai ya toshe ta da danƙo. Saboda haka ya rataya firam-firam cikin akwati, kowane da wannan rata a kewaye da shi, yadda za a ciro su ɗaya bayan ɗaya kamar takardu daga cikin durowa. Bayansa aka ƙago faifan kaki da a ke ɗaura wa firam don zuma ta bi layi, a 1857, aka kuma ƙago injin da ke juya saƙa ya tatse zumar ba tare da ya fasa ta ba, a 1865.

Ban musa ba, a hannun gwani ba amyar da ta kai wannan yawan zuma. Dalili kuwa a fili ya ke. Masana sun ƙiyasta sai ƙuda ya sha zuma kilo 6 zuwa 8 kafin ya fid da kaki kilo 1. Wanda ya tatse saƙa da inji ya mayar, ya hutar da ƙudansa daga sabon gini, sai cikawa kawai. Amma a lura, wannan riba tana rataye ne a kan abubuwa uku, da faifan kaki, da injin tatsa, da aikin kafinta wanda bai kuskure ko da milimita 2 ba. In ɗaya ya ɓace, akwatin ya zama amyar gargajiya mai tsada. Abokina ba a ba shi faifan kaki ba, shi kuma bai san ana tambaya ba. Katakon ɗanye ne, da hunturu ya busa sai ya kangare, rata ta ɓaci. Ko da ma zumar ta zauna lafiya, ina ya ga injin tatsa? Mai amya uku ba zai sayi inji ba, in kuwa matse saƙar zai yi da hannu, to, me ya kai shi biyan kuɗin firam?

Akwai kuma maganar halin ƙudan namu. An tsara akwatin ne don ƙudan Turai, wanda ya fi namu girma kaɗan, ya fi shi sanyin hali, kuma ba ya barin gida da sauƙi. Namu na Afirka ta Yamma mafaɗaci ne, in an dame shi ko abinci ya yanke sai ya tattara ya tafi. Mutanen Birazil sun ga irin wannan hali. A 1956 aka kai musu dangin namu daga kudanci da gabashin Afirka don gwaji, a 1957 waɗansu suka kuɓuce, suka yi ta yaɗuwa har suka isa Amurka a 1990, masu kiwo can duka sai da suka sake dabarunsu. Shi akwatin Langstroth in ka ɗaga murfinsa, bakin firam duka ya ke buɗewa gaba ɗaya, dubban ƙuda su taso maka. Gwani ya san yadda zai yi da su. Sabon shiga kuwa jikinsa rawa zai ɗauka, ya yar da firam ya ruga.

Amyar sanduna tsakani ta ke. Asalin dabarar tsohuwa ce, don wani matafiyi ɗan Ingila, George Wheler, ya ba da labari a 1682 cewa ya ga Girkawa suna jera sanduna a bakin kwando, zuma tana rataya saƙa a jikin kowace sanda. A wajen 1971 masana daga Jami'ar Guelph ta Kanada, tare da ma'aikatan gona na Kenya, suka sake tsara ta da katako don ƙudan Afirka. Siffarta kamar komin ba dabbobi abinci, tsawonta wajen mita 1, sama da faɗi ƙasa a tsuke. Tsukewar nan ba ado ba ce, ita ke hana zuma manna saƙa da bango sosai. A sama a ke jera sanduna wajen 27 zuwa 30, manne da juna ba rata, su ne rufin ɗakin. In ka zo dubawa sanda ɗaya za ka ɗaga, sauran amyar tana rufe cikin duhu, ƙudan da za su taso kaɗan ne, hayaki kaɗan ya ishe su. Ga mai koyo wannan kaɗai ya isa dalili.

Har wa yau, a jikinta duka awo ɗaya ne ba ya son wasa, shi ne faɗin sanda: milimita 32, watau inci 1 da kwata a bakin kafintoci. Na ƙudan Turai 35 ne, kada a ruɗe ka da shi. In sanda ta yi daidai, aka kuma ja layin kaki a tsakiyar cikinta, kowace saƙa za ta sauko a sandarta. Sauran jikin amya ko ya ɗan karkace ba kome, muddin ba kafar da tururuwa za ta bi. Kowane kafinta a Rigasa ko a Panteka zai iya yin ta in ka tsaya a kansa. Ka je da ma'auninka, ka auna sandunan ɗaya ɗaya kafin ka biya, kuma ka nace sai busasshen katako.

Ita ma ba ta rasa aibi. Saƙar ba ta da firam da zai riƙe ta, in ka kwantar da sanda a gicciye, musamman da zafin bazara, sai ta karye ta faɗi. Dole ka riƙe ta a tsaye kullum. Ba ta son a yi ta yawo da ita a mota. Zumarta kuma ba ta kai ta akwati yawa, tun da yanke saƙa a ke yi a matse. Amma abin da ka rasa a zuma ka same shi a kaki, kaki kuwa kuɗi ne, ba ya ruɓa, ba ya tsami, masu man shafawa da masu gyaran fata suna nemansa. Abin takaici ne yadda mutanenmu su ke tsotse saƙa su tofar da shi.

Wani zai ce, ai in mutum zai girma a sana'ar, ƙarshenta akwatin zai koma, me zai hana ya fara da shi tun yau? Amsata ita ce, shekarar farko ba ta neman zuma ba ce, ta koyon ƙuda ce: ka san sarauniya, ka bambanta saƙar 'ya'ya da ta zuma, ka gane wadda aka rufe bakinta da kaki ita ce nunanna. A wannan shekara lalle za ka yi kuskure, gara ka yi shi a kan abu mai araha. Biyu za ka sa, kada ka sa ɗaya, don in ɗaya ta gudu kana da ta biyu, kuma sai da biyu za ka gane wadda ba ta da lafiya. Goma kuwa kwaɗayi ne.

Saura magana ɗaya da ta shafi mutanen Rigasa musamman. Tun da aka buɗe tashar jirgin ƙasa a 2016 gidaje su ke ta cin gonaki, inda jiya dawa ce yau makarantar allo ce. Ko wace irin amya ka zaɓa, kada ka ajiye ta a bayan ɗaki ko kusa da hanya. Taron ƙudan nan in ya fusata ya kan kashe akuya a turke, ya kan kashe mutum ma. Ka kai ta can ƙauyukan Igabi inda ka ke da gona ko amintacce, nesa da gidaje da burtali, nesa kuma da gonar waken da a ke yi wa feshi. Ka sa ta a inuwa, a kan ƙafafu daidai ƙugu, kowace ƙafa cikin gwangwani mai baƙin mai saboda gara da kwarkwasa, ka ajiye ruwa kusa.

Nan ne kuma ilmin iyayenmu zai yi maka rana. Amyar da ke ƙasa ta kan daɗe ba a shige ta ba. Sai ka sa kafinta ya yi maka ƙaramin akwati mai ɗaukar sanduna 5 ko 6 daga cikin na babbar, ka goga masa kaki, ka roƙi tsohon mai amya na ƙauyen ya ɗaure maka shi a bishiyar da ya san zuma tana bi. In ta shiga ta fara saƙa, a sauko da shi da magariba a mai da sandunan cikin babbar amya. Lokacin yin haka shi ne daga ɗaukewar ruwa, kafin mangwaro da kaɗanya da ɗorawa su yi fure, don ɗiba ta zo da bazara kafin damina ta sauka. Abokina ya ce haka zai yi bana. Akwatunan nan uku kuwa ya wanke su ya ɗora a kan rumbu, ya ce sai ranar da shi da malaman makarantarsu suka haɗa kuɗin inji.