“Ina Kwana?” Tambayar da Ta Kamata Likitan Ciwon Daji Ya Yi da Gaske

Bahaushe yana buɗe gaisuwa da “ina kwana”, amsar kuwa kullum “lafiya lau” ce, ko da mutum bai runtsa ba. A ɗakin masu ciwon daji wannan amsa tana ɓoye matsala babba. Likita yana auna girman ƙari da yawan ƙwayoyin jini, amma ba kasafai yake bin diddigin yadda daren majinyaci ya kasance ba. Annobar korona ta nuna tsadar wannan sakaci.

A shekarar 2020 mai ciwon daji ya shiga halin gaba kura baya siyaki. Maganin kemo, wanda akan yi sau da yawa duk bayan mako uku, yana rage fararen ƙwayoyin jini, garkuwar jiki ta raunana. Zuwa asibiti kasada ce ta kamuwa da korona, zama a gida kuma dama ce ga ƙarin ya ci gaba da girma. A Najeriya dokar kulle ta soma aiki a Legas da Abuja ranar 30 ga Maris, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Cibiyoyin gashi kuwa ƙalilan ne, dole majinyaci daga nesa ya nufi irin su Zariya ko Abuja, alhali gashin yana buƙatar zuwa kwana biyar a mako ba tare da yankewa ba. Dubiya, wadda take rage wa mara lafiya kaɗaici, ita ma ta tsaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya a shekarar farko ta annobar. Mai ciwon daji kuwa da ma yana da dalilansa na rashin barci: raɗaɗi, zullumin sakamakon gwaji, da maganin dekzametazon da ake haɗawa da kemo, wanda kan hana ido rufuwa. Rashin barcin yana ƙara jin zafin ciwo da gajiya, gajiyar kuma tana iya sa mutum ya karaya ya bar magani.

Gyaran bai fi ƙarfin asibitocinmu ba. Akwai ma’aunin damuwa daga 0 zuwa 10 da cibiyoyin ciwon daji na Amurka suke amfani da shi, wanda nas za ta iya tambaya cikin minti ɗaya, ko ta wayar salula idan hanya ta rufe. Likita zai iya mayar da shan dekzametazon zuwa safiya, ya kuma magance raɗaɗi kafin dare. Iyali su guji sayo ƙwayar barci irin diyazefam a kemis, domin haɗa ta da magungunan raɗaɗi masu ƙarfi kamar mofin yana iya danne numfashi.

Cewa da majinyaci “ka yi haƙuri” alheri ne, amma haƙuri bai hana neman magani. Wata annobar za ta zo, hanyoyi za su sake rufewa. Asibitin da ya saba rubuta barcin majinyaci a kati tun yanzu, kamar yadda yake rubuta hawan jini, shi ne zai san wanda ya kamata a fara kira ranar da aka sake kulle gari.