Wasan Takalmi Mai Taya: Kada Tsaraba Ta Zama Karaya

Daga Wakilinmu na Arewa, Mubi

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, duk wanda ya taɓa bi ta babban filin wasa na Surulere da yamma ya ga samari suna sulu a kan takalmi mai taya ko allo mai taya. Wasan ya samu ɗaukaka tun da aka shigar da na allo cikin wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, shekarar da aka buɗe masa fili na musamman a Ankara ta ƙasar Gana. Mu ma ba baƙonmu ba ne ɗungum, domin ƙwallon guragu da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988 a kan katako mai taya ake buga ta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ku ne kuke sayo takalman nan a gwanjo ku kawo wa yara tsarabar salla. To, a Betso da sauran ƙauyukan Mubi ta Arewa babu filin da aka share domin wannan wasa. Sai gangare da tsakuwa, a cikin gari kuma sai kwalta, inda yaro kan kama bayan Keke Napep ta ja shi.

Wanda ya faɗi, hannu yake fara tokarewa da shi, shi ya sa karayar wuyan hannu da targaɗen idon sawu suka fi yawa. Mafi muni shi ne buguwar kai. Wata yarinya 'yar Birtaniya, Sky Brown, ta faɗo a 2020 tana da shekara 11, ƙoƙon kanta ya tsage, hannu ya karye, alhali tana sanye da hular kwano. Ta warke har ta ci tagulla a Tokyo, domin an garzaya da ita asibiti nan take. Ɗan Betso fa?

Manyan asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano da na Igbobi a Ikko sun yi masa nisa, saboda haka mai ɗori ake fara nema. Ba mu raina masu ɗori ba, sun daɗe suna taimakon jama'a. Amma likitoci sun sha yin gargaɗi cewa ɗaurin kara in ya matse yakan tsare jini, hannu ya ruɓe, a ƙarshe sai yankewa. Ko karayar da ta zo da sauƙi takan ci kamar mako 6. A nan ɗan makaranta ya rasa rubutu, gona ta rasa hannu, kuɗin magani kuwa ku na Kudu za a aiko wa ku biya.

Ba cewa muke a hana yara wasa ba. Amma wanda zai sayi takalmi, ya haɗa da hular kwano da matarin gwiwa da na hannu, in ba hali ya sayo ƙwallo. Iyaye su hana hawa titi. In yaro ya bugu a ka yana amai ko yawan barci, ko yatsunsa suka kumbura suka yi sanyi bayan ɗori, a kai shi asibitin Mubi a ranar. Ƙaramar hukuma kuma ta ware wa yara fili.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyaye mana zuri'a, amin.