Hutun Leburan Cikin Kwamfuta: Haƙƙi Ne Ko Dabarar Tatsa?

Sanin kowa ne cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masu ƙago wasannin kwamfuta na kafa sabon mazauni sun gane haka, amma ganewar tasu ba ta kai ƙarshe ba.

A irin waɗannan wasanni akan danƙa wa ɗan wasa jama'a 'yan kaɗan, ya ciyar da su, ya tsara musu aiki. A cikin Frostpunk, wanda ya fito daga ƙasar Folan a 2018, yinin aiki awa 10 ne, amma shugaba na iya kafa dokar da za ta kai shi awa 14, ko ma 24. Idan ya matsa, gunaguni ya ƙaru, har a tumɓuke shi. A Oxygen Not Included na 2019 kuwa, ma'aikacin da damuwa ta cika wa ciki yakan fashe da kuka ko ya farfasa injuna.

To, ina aibin yake? Aibin shi ne an mai da farin ciki tamkar man fitila: a zuba kaɗan, a ci gaba da ƙonawa. Ɗan wasa mai wayo yakan nemo mafi ƙarancin hutun da zai hana tawaye, ya tsaya nan. Wannan ba tausayi ba ne, lissafin tatsa ne.

Gyara biyu ake bukata. Na farko, a auna abin da ke cikin hutun, ba tsawonsa kaɗai ba. RimWorld ya kama hanya, domin mutanensa sukan gundura da nishaɗi iri ɗaya, sukan kuma ji haushin cin abinci ba tebur. Na biyu, gajiya ta zama bashi mai taruwa: wanda aka kwana ana sa shi aiki, hannunsa ya yi rauni har kwanaki, wanda ya huta kuwa aikinsa ya yi kyau.

Wani zai ce ai wasa ne kurum. Amma tun 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsai da awa 8 a yini da 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu, bayan gwagwarmaya mai tsawo. Yaron da ke tsara wa leburan kwamfuta lokaci yau, gobe shi ne mai gida a ma'aikata. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.