Lissafin Matsin Iska Ba Na Jarrabawa Kaɗai Ba Ne

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi magana a kan wani darasi da yawancinmu muke haddacewa don jarrabawa, mu watsar da shi a ƙofar aji, watau juya ma'aunin matsin iska daga wani zuwa wani. A ganina wannan sakaci ne babba, musamman ga mu mutanen Wudil da muke zaune a bakin hanyar Kano zuwa Maiduguri, inda manyan motoci ke ɗibar shanu kowace Juma'a.

Tushen ma'aunin shi ne faskal, wanda aka raɗa wa sunan Blaise Pascal, masanin nan na ƙasar Faransa da ya rasu a 1662. Faskal ɗan mitsitsi ne ƙwarai, don takarda guda da aka shimfiɗa bisa tebur ba ta danna shi da faskal ɗaya cikakke ba. Shi ya sa ake tara 1,000 a kira su kilofaskal, kilofaskal 100 kuwa su ne bar ɗaya. Ashe wanda ya iya mai da kobo naira ya iya mai da kilofaskal bar, tun da duk rabawa da 100 ne.

To, ina gizo yake saƙa? Motocin Kwatano da yawa suna zuwa da 'yar takarda manne a jikin ƙofar direba, an rubuta, alal misali, bar 2.2 ko kilofaskal 220. Masu faci kuwa har yanzu da tsohon ma'aunin Ingilishi na psi suka saba, ko da yake Nijeriya ta koma tsarin mita tun shekarun 1970. Bar ɗaya daidai yake da psi 14.5. In ka ninka 2.2 da 14.5, sai ka sami wajen 32. Direban da bai san haka ba sai ya ce a ba tayarsa 50 don ta ɗauki kaya, alhali 50 ɗin nan kilofaskal 345 ne, ya zarce abin da aka ƙayyade da fiye da rabi. Irin wannan taya ba ta kama kwalta sosai. In kuma iskar ta gaza, tayar takan yi zafi har ta fashe, balle a zafin bazara.

Wasu za su ce mai faci ya san aikinsa tun kafin a haife mu. Gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma takardar jikin ƙofa ba da ma'auninsa aka rubuta ta ba, mu ne aka koya wa fassara ta.

Saboda haka ina roƙon malamanmu na kimiyya su kawo geji cikin aji, mu auna tayar keke da ta babur da hannunmu. Iyayenmu masu mota kuma, kafin ku kama hanya, ku sa mu karanta muku takardar nan da safe, tun taya ba ta ɗau zafi ba.