Joe Bonamassa

Joseph Leonard Bonamassa (an haife shi a ranar 8 ga watan Mayu, 1977) makaɗin jita ne, mawaƙi kuma marubucin waƙoƙi ɗan ƙasar Amurka. Ya shahara a salon blues-rock, wato kiɗan blues na baƙaƙen fatar kudancin Amurka da aka gauraya da kiɗan rock mai amfani da jitar lantarki. Kundayensa fiye da 25 sun hau matsayi na ɗaya a jadawalin blues na mujallar Billboard, adadin da babu wani mawaƙi da ya kai. Ana yawan ambaton sa a muhawarar yadda mawaƙi zai rayu da sana'arsa a wannan zamani, saboda ya kai wannan matsayi ba tare da babban kamfanin faifai ba, kuma gidajen rediyo ba su cika saka waƙoƙinsa ba.

Farkon rayuwa

An haife shi a garin New Hartford da ke jihar New York, ya kuma tashi a yankin Utica. Mahaifinsa mai sayar da jita ne, kuma a wurinsa ya fara sauraron faifayen makaɗan Ingila irin su Eric Clapton da Jeff Beck. Ya fara riƙe jita yana ɗan shekara 4. Yana ɗan shekara 11 ya samu horo a hannun makaɗi Danny Gatton. A 1989, yana ɗan shekara 12, ya buɗe wa B.B. King wasanni kimanin 20. Daga baya ya shiga ƙungiyar Bloodline tare da 'ya'yan wasu fitattun makaɗa, ciki har da ɗan Miles Davis da ɗan Robby Krieger. Ƙungiyar ta fitar da kundi ɗaya a 1994 sannan ta watse.

Kafa J&R Adventures

Kundinsa na farko shi kaɗai, A New Day Yesterday, ya fito a 2000 a ƙarƙashin wani reshe na kamfanin Sony, kuma Tom Dowd ne ya tsara shi. Hulɗar da kamfanin ba ta ɗore ba. A lokacin manyan kamfanoni ba su ga ribar zuba kuɗi a kan matashi mai kiɗan blues ba, domin kasuwar faifan CD ta fara durƙushewa, rediyo kuma ta karkata ga wasu salo.

Maimakon neman wani kamfanin, Bonamassa da manajansa Roy Weisman sun kafa nasu, J&R Adventures, sunan da aka ɗauko daga haruffan farko na sunayensu.  Sannu a hankali kamfanin ya haɗe ayyukan da a al'ada ake raba wa mutane daban-daban: fitar da faifai, talla, shirya wasanni, da sayar da riguna da sauran kayan tunawa. Abu mafi muhimmanci shi ne sun riƙa yin hayar zauren wasa da kuɗinsu, su sayar da tikiti da kansu. Idan zaure bai cika ba asara tasu ce, idan ya cika babu dillalin da zai yanki kaso.

Shahara

Daga kundin You & Me na 2006 ya fara aiki da furodusa Kevin Shirley, ɗan asalin Afirka ta Kudu, wanda ya ci gaba da tsara yawancin kundayensa. A watan Mayun 2009 ya yi wasa a zauren Royal Albert Hall da ke Landan, inda Clapton ya hau dandali suka yi kiɗa tare. Bidiyon wannan wasa, wanda tashoshin talabijin na PBS suka nuna a Amurka, ya kai shi gidajen mutanen da ba su taɓa jin sa a rediyo ba.

Yana cikin ƙungiyar Black Country Communion tare da Glenn Hughes, Jason Bonham da Derek Sherinian, wadda ta fitar da kundinta na farko a 2010. Ya kuma yi kundaye da mawaƙiya Beth Hart, ciki har da Seesaw na 2013 wanda ya shiga takarar kyautar Grammy. Kundinsa Different Shades of Blue na 2014 ya shiga goman farko a babban jadawalin Billboard 200. An naɗi Royal Tea na 2020 a sutudiyon Abbey Road da ke Landan. An kuma san shi da tara tsofaffin jitoci, musamman samfurin Gibson Les Paul na ƙarshen shekarun 1950.

Matsayinsa a kasuwar waƙa ta yau

Tsarin da ya kafa ya ƙara jan hankali saboda sauyin da kasuwa ta yi. Yanzu yawancin mutane suna sauraron waƙa ne ta manhajoji irin su Spotify, inda abin da ake biya a kan kowane saurare bai kai senti ɗaya ba. Daga 2024 Spotify ya daina biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a cikin shekara ba. Wannan ya sa wasan dandali ya zama babbar hanyar samun kuɗin makaɗa. Sai dai can ma akwai matsala: kamfanin Live Nation, wanda ya haɗe da Ticketmaster a 2010, yana riƙe da kaso mai yawa na zaurukan wasa da cinikin tikiti, har ma'aikatar shari'ar Amurka ta maka shi a kotu a watan Mayun 2024 bisa zargin danne kasuwa.

A irin wannan yanayi, mawaƙin da ya mallaki faifayensa, yake kuma da hanyar isa ga masoyansa kai tsaye, yana da kariyar da sauran ba su da ita. Amma tsarin ba ya kwaikwayuwa cikin sauƙi. Hayar zaure tana buƙatar jari da juriyar asara, kuma Bonamassa ya shafe shekaru yana yawon wasa kafin abin ya kankama. Masu sauraronsa kuma galibi manya ne masu halin sayen tikiti mai tsada da faifai na zahiri. Matashin da ke farawa yau, ga tsadar mai da otal da albashin abokan kiɗa, ba lallai ne ya samu wannan dama ba.

Suka

Wasu masu sharhi suna ganin kiɗansa ƙwarewar yatsu ta fi yawa a ciki, kuma ya fi kusa da rock na Ingila fiye da blues na yankin Mississippi. Shi kansa bai ɓoye cewa makaɗan Birtaniya da Ayaland, irin su Paul Kossoff da Rory Gallagher, sun fi tasiri a kansa ba. Akwai kuma tsohuwar muhawara a kan yadda fararen fata ke samun kaso mafi tsoka na kuɗin salon da baƙaƙen fata suka ƙirƙiro. Masu kare shi suna nuni da ayyukan da ya tsara wa makaɗa baƙaƙen fata tare da Josh Smith, kamar kundin Crown na Eric Gales da Blues Without You na Larry McCray, dukansu a 2022.

Ayyukan tallafi

A 2011 ya kafa gidauniyar Keeping the Blues Alive, wadda ke tallafa wa koyar da kiɗa a makarantu. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe zaurukan wasa, gidauniyar ta buɗe shirin Fueling Musicians domin ba makaɗan da aikinsu ya tsaya tallafin kuɗi. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin KTBA Records, wanda ya fitar da kundayen Dion, Joanna Connor da Joanne Shaw Taylor.