A Ƙyale Uwar Kifi Ta Zuba Ƙwai

Duk mai sayen kifi a kasuwannin ƙasar Katagum da Misau ya lura kifin sai ƙanƙancewa yake yi. Tarwaɗar da a da ake yankawa gunduwa-gunduwa, yanzu naɗe ta ake yi ɗungum a soke da tsinke, kaurinta bai wuce yatsa biyu ba. Karfasa kuwa ta zama abin awo da kwano. Mu nan Dagauda, da bandarmu ke zuwa daga wajen Gashuwa da Nguru da Haɗeja, ɗanye kuma daga fadamun kusa, bakinmu kullum a kan tsada yake. Ni a ganina tushen abin shi ne muna kama kifi a daidai watannin da yake hayayyafa, kuma da irin komar da ba ta barin komai.

Masunta sun fi ni sanin yadda kifi yake haihuwa, amma mu masu ci ya kamata mu ji. Tarwaɗa takan ɗauki ƙwai tana jiran ruwa ya tashi. Da kogi ya cika ya malala cikin ciyawa, sai ta bi sabon ruwan da dare, ta zuba ƙwan ya manne wa ciyayi, cikin kwana ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe. Babbar uwa guda tana ɗauke da ƙwai dubu gomomi, kuma iya girmanta iya yawan ƙwanta. Karfasa dabararta daban: namiji ya share gurbi a ƙasan ruwa, macen ta kwashe ƙwan a bakinta, ta yi mako ɗaya zuwa biyu da ƙyar take cin abinci, sai 'ya'yan sun iya iyo. Wanda ya kama ta a wannan hali ya kama ɗaruruwa a jefa ɗaya. Bargi sheƙa yake ginawa cikin ciyawa, yana gadin 'ya'yansa. Yauni ma haka, tasa sheƙar a kan ruwa take yawo. Dukkansu da damina suke wannan hidima, a ruwa marar zurfi, inda ko yaro mai sanda zai cim musu.

Nan ne muke tare su. Ana jera gura a datse bakin rafi, abin da ake kira dumba, mai shiga fadama da mai fita duk su faɗa ciki. Ana jan taru mai ƙananan idanu. Gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, wasu sun mai da shi koma. Akwai kuma masu zuba gamalin ko majimfa a kududdufi, su kashe babba da ƙarami har da kwaɗi, sannan su kai kasuwa mu saya. Manomin da ya cinye irinsa da bazara, kowa ya san abin da zai girba da kaka.

Ba doka aka rasa ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana koma mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3. Sai dai takarda ba ta tsaron tafki. Jami'in kifi da ke zaune a Bauchi ko Azare ba zai san wanda ya kafa dumba da tsakar dare a kogin Jama'are ba. Sarkin ruwa kuwa ya sani, ya san mutumin, ya san ubansa.

A jihar Florida ta Amurka akwai kifin da suke kira snook, wanda masana suka daɗe suna lissafawa a gida ɗaya da giwan ruwanmu. Namiji ake ƙyanƙyashe shi, idan ya girma da yawa daga cikinsu su rikiɗe su zama mata, don haka manyan galibi iyaye mata ne. Tun 1957 aka hana sayar da shi a kasuwa. A gaɓar gabashin jihar, mai ƙugiya guda ɗaya aka yarje masa a rana, tsawonsa daga inci 28 zuwa 32. Wanda bai kai ba a sake shi ya girma, wanda ya wuce a sake shi ya haihu, lokacin zuba ƙwai kuma a rufe kamu. Su don nishaɗi suke su, mu don tuwo, ba zan ce mu kwafi dokarsu ba. Abin ɗauka ɗaya ne: uwa mai ƙwai ta fi amfani cikin ruwa a kan cikin tukunya.

Wannan hikimar ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Argungu ta yi suna tun bikin kamun kifi na 1934, kuma abin da ya sa ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru su ɗaga shi, shi ne kogin Matan Fada a rufe yake, ba mai jefa homa sai ranar da aka ba da izini. Maƙwabtanmu Badawa ma suna da bikinsu a Gogaram. Tsare ruwa har zuwa ranar buɗewa tsohuwar al'adar masunta ce, mu muka yi sakaci da ita.

Za a ce masunci me zai ci idan aka rufe ruwa? Tambaya ce mai nauyi, talaka ba ya ajiye yunwa sai Oktoba. Amma yawancin masuntanmu manoma ne, kuma Yuli da Agusta lokacin noma ne, ƙarfinsu na gona. Waɗanda su kaɗai ne sana'arsu, ƙaramar hukuma ta san su ta bakin sarkin ruwa, ta tallafa musu da hatsi na wata biyu, ta musanya musu ƙaramar koma da mai manyan idanu. Kuɗin bai kai na rumfuna da kujerun taron siyasa guda ba.

Hani kuma ba zai yi amfani ba idan babu ambaliyar da kifi zai haihu a ciki. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, malalar kogin Haɗeja ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru. Kogin Jama'are ne ya rage yana cika yana sauka bisa ɗabi'arsa. Duk ranar da aka sake ta da maganar gina dam ɗin Kafin Zaki a kansa, a tanadi sakin ruwa da damina saboda fadamun ƙasa, a kuma zaunar da masunta a teburin shawara.

Roƙona ga gwamnatin Bauchi da sarakunanmu shi ne a fara gwaji da wuri ɗaya. Tafkin Maladumba da ke ƙasar Misau, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2008, ya dace. A rufe shi daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Agusta, a ba sarkin ruwa ikon ƙwace dumba da gidan sauro, hakimi da ɗan sanda su mara masa baya, a riƙa auna abin da aka kama kowace shekara har shekara uku. Mu masu saye kuma namu aikin ba ya jiran gwamna: idan an miƙo mana kwanon 'ya'yan kifi, ko tarwaɗa mai ciki da damina, mu ce mun gode, mu wuce.